Ɓarayin Kuɓewar Inna

Kwanan nan yara suka kawo magina aka shafe tsakar gidanmu da siminti. Wai don kada in riƙa zamewa da damina, wai kuma don shara ta yi sauƙi. Ban hana su ba, wanda ya yi maka abu don ƙauna ba ka tsayawa yi masa gardama. Amma da magini ya doshi bayan ɗakina da cebur, sai na miƙe da sandata na tare masa hanya, na ce nan kam a bar ƙasa ta sha iska. Ya dubi wurin, ɗan fili ne da bai wuce shimfiɗar tabarma ba, ya dubi tsirarun kuɓewar da ke tsaye a ciki, ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai kuɓewa ga ta can jibge a bakin titi." Na ce masa wadda ke bakin titi ba ta san ni ba, wannan kuwa ta san ni. Tun daga ranar, ƙarar tsintsiya a kan siminti ta hana ni sakewa. Tsintsiya a kan ƙasa sautinta mai laushi ne, ba ya tada mai barci, wannan kuwa kamar ana kankare tukunya. Ita ce ta sa na zauna ina tuna gidan nan yadda na same shi.

An kawo ni daga Kabo ina yarinya mai ɗan karatun firamare a ka da son littafi kamar me. Gidan a wani ƙauye yake gefen Gwarzo, in ka nufi Sabon Birni. Ɗakunan ƙasa ne, katangar kuwa dangar kara, wadda a kowane gefe take da 'yar kafa da mata ke bi su ɗebo wuta a maƙwabta. Ta wannan kafar gishiri yake wucewa, da aron rariya, da labarin wadda ta haihu da wadda ta yi yaji. Yanzu katangar bulo ce da fasassun kwalabe a kai, maƙwabciyarka sai ta kwanta asibiti ta dawo ba ka ji ba. Mijina, Malam, tela ne, kekensa a zaure. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, ita ce mai gidan a gaskiya, ko da yake ba wanda yake faɗa. Ba ta kiran sunansa saboda ɗan fari ne, sai dai ta ce Mai keke. Ni kuwa Amarya ta sa mini, kuma Amarya na zauna a bakinta har na yi furfura.

Zamanin nan shi ne ake ce wa na tsuke bakin aljihu. Inna ta ce ita dai ba ta gane ba, tunda zanenta ba shi da aljihu, me za ta tsuke? Amma mun gane a tukunya. Sabulu ya zama abin ɓoyewa, madara sai a labari, maza su wuni a layi a Gwarzo su dawo da abin da bai taka kara ya karya ba. Masu kawo wa Malam sabon ɗinki suka koma kawo faci, rigar uba a rage wa ɗa, ta ɗa a rage wa ƙane. Ni kuma ga yara maza a jere, kowanne da bakinsa a buɗe. Kafin ladan ya yi shiru na hura wuta, na ɗora koko. A wanke wannan, a nemo wa wancan allonsa, a raba faɗan wa ya sa takalmin wa. Su tafi makaranta in shiga surfe, daga surfe sai daka, daga daka sai abincin 'yan gona, ga wanke-wanke, ga maɓallan da Malam zai turo daga zaure in ɗinka masa. Duk da haka littafi yana soke a ƙuguna. Ƙanena da ke sakandare ne yake aro mini na tatsuniyoyi da labarai, wasu ba bango, wasu an yage ƙarshensu an naɗe ƙosai. Ina tuƙa tuwo da hannun dama, littafi a hagu, hayaƙi na sa ni hawaye. In ƙauri ya tashi, sai in ji muryar Inna daga ɗakinta: "Amarya, yau ma tuwon namu ya yi karatu ke nan?"

Abin da ya rufa mana asiri a shekarun nan lambun Inna ne da ke bayan ɗaki. Zogale a jere jikin danga, rama da yakuwa, alayyafo, lalo, barkono, gauta, kabewa ta haye rufin ɗaki ta yi zamanta. Ba mu san cefanen ganye ba. Rijiyarmu kuwa da nisa, ruwa ba abin wasa ba ne, don haka Inna ta kafa doka, kuma dokar ba ta bar kowa ba. Ba mai yin alwala a tsakar gida. Duk mai sallah ya ɗauki butarsa ya je gindin shuka ya tsuguna. Ta asuba ta barkono ce, ta azahar ta alayyafo, haka har isha, kowace shuka da sallarta. Ruwan wankin tsaki da na ɗauraye ƙwarya duk can suke zuwa, ban da mai sabulu. Ko baƙo ya zo, limami ne ko mai unguwa, sai ta aika yaro ya raka shi bayan ɗaki. Cewa take, "Ruwan da aka yi wa bismilla ba ya tafiya kwata." Yanzu ina ganin jikokina su buɗe famfo su bar shi yana kwarara har su gama wanke ƙafa, sai in ji kamar jinina ne yake zuba.

A tsakiyar lambun, inda rana ta fi kyau, nan kuɓewarta take. Ja ce, doguwa, siririya, ba ta saurin tauri, yauƙinta kuwa in ka ɗaga ludayi sai ka yanke shi da yatsa. Ban ga irinta a kasuwa ba, daga Gwarzo har Kabo. Ranar da za a kai Inna gidan miji daga Gammo, mahaifiyarta ba ta da tasa ko kwalla da za ta ƙara mata, sai ta ƙulle mata irin nan a haɓar zane ta ce, "In kin riƙe wannan, ba za ki kwana da gayan tuwo ba." Uwar ta rasu ba da daɗewa ba, gidansu ya watse, ba abin da ya rage wa Inna na hannun uwarta sai wannan kuɓewa. Kowace shekara, in ta fara 'ya'ya, sai Inna ta zaɓi mafi kyau ta ɗaure musu ƙyallen da ta tsinto a ƙarƙashin keken Malam. Mai ƙyalle ba a taɓa ta, ta iri ce, sai ta ƙosa ta bushe a jikin uwarta. Sannan a ɓare, a gauraya da toka, a zuba a 'yar gora a rataye a ɗakin Inna. Miyar kuɓewar kam kowa ya sha, Inna ba ta da rowar abinci. Amma iri, ko ƙwaya ɗaya ba ta bayarwa. Wadda duk ta roƙa, amsa ɗaya ce: "Ki ba akuyarki? Je ki fara koyon gyara danga."

Lambun nan ne ya ceci karatuna. Wata rana bayan la'asar Inna ta same ni a raɓe a gindin zogale da littafi, na bar tsinkar ganye a gefe. Ta tsaya a kaina ta ce, "Ke dai ba za ki daina ba. To tunda bakinki motsi yake, ɗaga murya mu ji abin da ya fi miya." Ta jawo faifan ganyen gabanta ta zauna tana tsinka, ni ina karantawa. Ta ɗaure fuska kamar ba ta ji. Da na zo inda wani mutum a labarin ya yarda da maganar mayaudari, sai ta jefar da ganyen hannunta ta ce, "Kai, wannan wawa ne! Ba shi da uwa a gidan?" Daga ranar aka gama magana. Tsakanin la'asar da magariba ya zama lokacina, ba mai aikena, ba mai kirana, ko Malam ya turo maɓalli sai Inna ta ce a gaya wa Mai keke ana karatu. Murya kuwa ba ta san danga ba. Maƙwabciyarmu mai ƙosai, wata doguwar mace mai dariya kamar ana fasa itace, ita ta fara leƙowa wai aron wuta. Wutar ta mutu a hannunta ba ta tafi ba. Kashegari ta zo da matar mahauci, jibi sai ga amaren gidan liman da goyo. Inna ba ta kore su ba, amma ta ce kunne na ji, hannu na aiki, ba mai zama mata haka kawai. Wata na tsinkar zogale, wata na yankan kuɓewar shanya, wata na tsince wake. In littafin marar ƙarshe ne, sai a yi ta musu har a kira sallah, kowace da yadda take so a ƙare shi, mai ƙosai kuwa kullum sai ta aurar da kowa da kowa.

Da kaka ta yi, aikin hannun ya koma ɓarar irin kuɓewa. A nan ne, ta saman littafi, na ga abin da na gani. Mai ƙosai na ɓara tana kallon bakina kamar labarin ya tafi da ita, hannunta kuwa ya zarce haɓar zane ya dawo. Can sai matar mahauci ta yi kamar tana gyara goyo. Amaren gidan liman su ma, da ake ganin ko yatsa aka sa musu a baki ba za su ciza ba, na ga ɗaya ta tura wani abu cikin ɗankwali. Na yi tuntuɓe a layin da nake, na dubi Inna. Ta duƙufa tana tankaɗe toka, bayanta a gare su. Na ci gaba da karatuna. Shekara ta zagayo aka sake, wata ta zagayo aka kuma. In Inna ta girgiza gorar sai ta ce, "Ɓeran gidan nan da hannu yake ci," ta rataye abarta, ba ta ƙara ko kalma.

Sai shekarar da ruwa ya yi mana gardama. Ya sauka da wuri, kowa ya yi shuka, sannan ya ɗauke ɗif. Kuɓewar Inna ta tsiro ta ƙone. Da ya dawo, ta juye duk abin da ya rage a gorar ta sake shukawa, ta kife gorar ta buga gindinta, ba abin da ya faɗo sai toka. Wannan shukar ta biyu da alwala aka raine ta. Inna ta soke rabon salloli, ta ce barkono da alayyafo su yi haƙuri, kowa ya kai butarsa gindin kuɓewa. Yaran har alwala biyu-biyu suke yi don su burge ta. Ni kuma ina da tsohon ciki, tsuguno ya gagare ni, sai ta ajiye mini kujera 'yar tsuguno a wurin. Tsirarun da suka rayu suka yi fure, suka yi 'ya'ya. Wannan karon ba mu sha miyarta ba sam, duk ta ɗaure musu ƙyalle. Tana ɗaurawa tana duban cikina tana cewa, "In mace ce, nata ne. Na gaji da waɗannan ƙartin, ba wanda zai riƙe mini gora."

Allah kuwa ya kawo mace. Murnar da Inna ta yi, ko ranar da aka kawo ni ba ta yi irinta ba, don ta san takwara za a yi mata. Malam ya shiga neman ragon suna a shekarar da mutane ma ba su ƙoshi ba balle dabba. Abin da ya samo a jajibirin suna, wallahi in ka ga haƙarƙarinsa sai ka ɗauka kwando aka sa wa fata. Kunya ta kama shi. Bai so ya ɗaure shi a ƙofar gida masu wucewa su yi ta ƙare masa kallo, sai ya zagaya da shi ta baya, ya shigar da shi lambu, ya ɗaure shi a can nesa da shuka, a jikin zogale. To zogale ai ba itace ba ne, tsayi kawai gare shi, yaro ma ya ja reshensa ɓallewa yake. Malam ya san allura da zare, amma a lambun uwarsa alwala kaɗai ya taɓa yi.

Da sassafe, maza sun taru a ƙofar gida, an raba goro, aka ce a kawo rago. Ina ɗaki da jaririya na ji salatin Malam daga bayan ɗaki, irin salatin da ba na murna ba. Na leƙa ta taga. Ga rago a tsaye a tsakiyar lambu yana jan reshen zogale da igiya, cikinsa ya yi tulu, jan ƙyalle na reto a bakinsa. Kuɓewar kuwa sai karare. 'Ya'yan ba su riga sun ƙosa ba, ɗanyu ne, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya cinye, abin da bai ci ba ya tattake. Inna ta zo da butarta a hannu. Na yi zaton za ta ɗaga murya har a ji ta a Gwarzo. Amma ina! Ta durƙusa ta tsince ƙyallayen da suka zube, ta ƙulle su a haɓar zanenta, ta juyo da butarta cike, ta tsuguna a tsakar gida ta yi alwala, ruwan ya bi kwata ya fita. Ganin wannan ruwan yana tafiya ya fi komai tayar mini da hankali, har na fashe da kuka.

An yi suna, an yi guɗa, an ci rago. Mai ƙosai ta ɗan gwada wasa, ta ce naman nan har yauƙi yake yi, ba wanda ya yi dariya sai ita, ita ma ta haɗiye abarta. Inna ta karɓi baƙi da fara'a, ta ɗauki takwararta ta sa mata albarka, amma ko tsoka ɗaya ba ta kai bakinta ba. Bayan an watse ta shige ɗaki. Ta daina zuwa lambu. Dokar alwala ta mutu ba wanda ya kashe ta. Malam ya bi kasuwanni a kan kekensa na hawa, har Gammo ya je yana tambayar tsofaffi, ya dawo da iri kala-kala a ƙullin leda. Ta zuba a tafin hannu, ta duba, ta mayar masa ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Mai keke. Ba ita ba ce." Ta rage cin abinci, ta rage magana, ƙaurin tuwo ma ya daina fito da ita. Wata rana na kai mata kunu na tarar da gorar a cinyarta, ta ce mini a hankali, "Amarya, yau uwata ta rasu."

Ni na san inda maganin yake, su ma masu shi sun sani. Amma wa zai fara? Duk wadda ta kawo iri ta amsa cewa ita ce ɓeran. Da na aika aka kira mini mai ƙosai, ta zauna bakin gadona tana ta murza yatsu, ita da ba ta san kunya ba. Ta ce, "Ke Amarya, tsohuwar nan ta girmi uwata. In shiga in ce mata shekara da shekaru ina yi mata sata a gaban idonta? Ai gara ƙasa ta tsage." Na ce, "Yaya, tsohuwar nan fa tafiya take yi muna kallo." Ta buga cinya ta ce, "To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tawa ta kusa bushewa. Ki bari ki yi arba'in, ki ɗauko littafinki, sauran ki bar mini."

Ranar da na gama wankan jego, bayan la'asar, na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Inna maimakon lambu. Labule a sake, tana ciki a kwance. Na ajiye faifai a bakin ƙofa kamar yadda mai ƙosai ta ce, na buɗe littafin da muka bari tun kafin in haihu, na fara karatu da ƙarfi. Ba motsi daga ciki. Can danga ta yi ƙara, mai ƙosai ta sunkuyo ta kafa, ba sallama ba dariya. Ta durƙusa gaban faifai ta kwance haɓar zanenta. Wanda bai taɓa jin zubar busasshen iri a kan faifai ba, ba zan iya kwatanta masa ba, sai dai in ce kamar farkon yayyafi a kan rufin ciyawa. Ta matsa gefe ta zauna kanta a ƙasa. Matar mahauci ta biyo, ta zuba nata. Amaren gidan liman suka zo tare, suna tura juna. Sai ga wata tsohuwa daga ƙarshen unguwa wadda ko sau ɗaya ba ta taɓa zuwa karatu ba, ashe ita a wurin matar mahauci ta sata. Ni dai ina karatu, ban san me nake faɗa ba.

Labule ya motsa. Hannun Inna ya fito ya ja faifan ciki. Sannan ta fito, ɗankwali a karkace, faifai a hannu. Ta ɗebi irin ta murza, ta kai hanci, ta sa ƙwaya ɗaya a haƙori ta ciza. Ta bi matan nan da kallo ɗaya bayan ɗaya, hawaye na bin kumatunta, ta ce, "Ɓarayi. Ɓarayin banza. Har da ke, matar liman?" Mai ƙosai ta ɗago ta ce, "Inna, a yafe mana. Amma wallahi irin sata ya fi yabanya, ki zo ki ga bayan ɗakina." Sai Inna ta tuntsire da dariya, irin wadda rabonmu da ji tun kafin rago, muka kama gaba ɗaya, ana dariya ana sharar ido. Malam ya leƙo daga zaure, ta daka masa tsawa ta ce ya je ya gyara dangar lambu, kuma in ya ƙara kusantar zogalenta da igiya shi za ta ɗaure. Ta zauna a kan tabarma, ta ce a miƙo mata takwararta, ta ce a kawo toka da gora. Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Amarya, koma baya. Tun ɗazu shirme kike karantawa, ban ji komai ba."

Inna ta yi tsawon rai. Ta ga takwararta ta girma, ta ga lokacin da aka yi ta shelar Shari'a, hijabai suka ƙara tsawo, makarantun matan aure suka cika. Yawancin masu saurarona suka shiga, suka ce gara su karanta da idonsu, ni ma na bi su da allona da jikoki a gefe, aiki ya ƙaru maimakon ya ragu. Mai ƙosai ta fara haɗa baƙi da furfurarta, ta riƙa zuwa tana yi wa Inna karatu da in'ina. Inna ta kan ce mata, "Ku gode wa Allah ba a zo da Shari'ar nan tun wancan lokacin ba, da duk unguwar nan da hannu ɗai-ɗai kuke tuƙa tuwo." Ita kuma ta ce, "Haba Inna, malaminmu ya ce sai abu ya kai nisabi ake yanke hannu." Inna ta ce, "Kuɓewar uwata ce ba ta kai nisabi ba?" Haka suka yi ta yi har Allah ya karɓi ran Inna. Kafin nan, ranar da za a kai takwararta ɗakin miji, Inna da hannunta ta ƙulle mata irin a haɓar mayafi, duk da tsufa ƙullin bai kwance ba.

Na daɗe ina tambayar kaina abu ɗaya. Matar da take gane ɓera ya taɓa mata daddawa ta wari kawai, ta yaya za a yi mata sata shekara da shekaru a gabanta? Kuma me ya sa duk aikin duniya, ɓarar irin nan ce take zuba wa baƙi a cinya, sannan ta juya baya tana tankaɗen toka? Na taɓa tambayarta. Ta harare ni ta ce, "Abin da aka ba mutum kyauta akuya yake bar wa. Wanda ya sha wahalar sata kuwa danga yake yi masa." Ban sani ba ko da gaske haka ta shirya, ko kuwa daga baya ta ga abin ya yi kyau ta ce nata ne. Inna ce, duk biyun za ta iya.

Yanzu idona ya yi rauni, baƙaƙe sun zama tururuwa. Jikata ce take yi mini karatu bayan la'asar, daga wayarta, a bakin ɗan filin nan da na ƙwato daga hannun magini. Alwalata har yau a gindin kuɓewa nake yi. Kwanakin baya wata amarya da suka tare a gidan da ke jikin namu ta jiyo muryar yarinyar, ta zagayo ta ƙofa ta yi sallama, wai ta zo gaishe ni. Ta zauna ba ta tafi ba. Kashegari ta dawo. Ta yaba kuɓewar, ta ce ko zan ɗan ba ta iri. Na ce ta ba wa, kajin gidansu? Jiya da ta zo na zuba mata busassun a cinya na ce ta ɓare mini, hannuna ciwo yake. Idona bai mutu duka ba. Ana tsakiyar labari na ga hannunta ya tafi haɓar hijabi.

Na juya mata baya, na jawo rariyar toka, na ce wa jikata, "Ɗaga murya, 'yar nan, ba na ji."